Yadda Za Ka Gane Fulogi da Kwayil Na Ainihi Kafin Ka Biya Kuɗi

Tambayar da masu motoci suka fi turo mini ita ce: "Na canza fulogi ko wata uku ba a yi ba, mota ta koma misin, mai kuma sai zuƙewa yake yi. Laifin bakanike ne ko na kayan?" Wasu kuma kwayil, wato abin da ke tura wa fulogi wuta, ne ke ƙone musu ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa jabun kaya ne, amma ba kullum ba, shi ya sa na jera matakan bi da bi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kwali ba shaida ba ne. Masu buga jabu sun ƙware a kwali fiye da komai. Shaidar tana taruwa ne daga lamba, da mai shago, da abin da idonka ya gani a jikin kayan, da abin da mita ta nuna.

Kayan aikin da za ka tanada: mitar auna wuta irin ta masu rewaya, ma'aunin tazarar bakin fulogi, wayar salula mai kyamarar da ke iya jawo abu kusa, sokit ɗin fulogi, da tsohon fulogin da aka cire daga motarka.

Mataki na 1: Tabbatar da abin da ya lalace

Kada ka nufi kasuwa don kawai mota tana jijjiga a silo. Nozul da ya toshe, iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko bawul da ya ƙone, duk suna kawo misin. Ka sa a jona wa motar na'urar sikanin, wadda ke karanto lambar matsala daga kwamfutar mota. Lambar P0300 tana nufin misin ɗin ba a silinda ɗaya ya tsaya ba. P0301 zuwa P0304 kuwa suna nuna silindar da ke da matsala, ta farko zuwa ta huɗu. Lambobin da suka fara daga P0351 suna nuni ga layin wutar kwayil ɗin kansa.

Idan motarka irin wadda kowane fulogi ke da nasa kwayil ce, akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A ce na'ura ta nuna P0302. Kashe injin, ɗauke kwayil na silinda ta biyu ka kai shi ta uku, na ukun ka dawo da shi ta biyu. Goge lambar, tayar da mota, ka ɗan zaga. Idan lambar ta koma P0303, matsalar ta bi kwayil, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya a P0302, sai ka yi wa fulogin irin wannan musayar. Idan har yanzu ba ta motsa ba, ka bar maganar kayan wuta, ka duba nozul da ƙarfin matsin silindar.

Gargaɗi: kada ka cire kwayil ko wayar fulogi da hannu injin yana aiki. Kwayil yana ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa bolt dubu ashirin ko fiye.

Ka leƙa ramin fulogin ma. In ka ga baƙin mai ya kwanta a ciki, robar murfin saman injin ce ta saki. Sabon kwayil da ka sa a ramin da ke cike da mai ba zai daɗe ba, ko da daga masana'anta ka ɗauko shi da hannunka.

Mataki na 2: Samo lambar da ta dace da injinka

Fulogi na ainihi da bai dace da injin ba yana iya yin ɓarnar da ta fi ta jabu. Saboda haka kada ka ce wa mai shago "ba ni fulogin Corolla". Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE tana amfani da fulogin kamfanin Denso mai lamba SK16R11. Wadda ta biyo bayanta mai injin 2ZR-FE kuwa SC20HR11 take ɗauka, wanda ya fi siranta, tiredinsa kuma ya fi tsawo. Camry mai injin 2AZ-FE tana ɗaukar SK20R11, Honda Accord mai lita 2.4 ta 2003 zuwa 2007 kuma na kamfanin NGK mai lamba IZFR6K11.

Za ka sami lambar a littafin motar, ko a kundin kayayyaki na shafin intanet na NGK, Denso ko Bosch, ko ta hanyar ba dila lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Lambar da ke jikin tsohon fulogi tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin motocin da suka sha hannu sau da yawa an riga an sa musu wanda ba nasu ba. Haka nan idan an taɓa sauya wa motar injin, lambar injin za ka bi, ka ajiye ta shasi.

Lambar tana magana in ka iya karanta ta. Harafin R yana nufin akwai abin rage hayaniyar wuta a cikin fulogin, wanda motoci masu kwamfuta ke buƙata. 11 da ke ƙarshe tazarar baki ce, milimita 1.1. Alƙalamin tsakiya kuma yana nuna yadda fulogin ke fitar da zafi: a wurin NGK da Denso, in lambar ta ƙaru fulogin ya fi saurin sanyaya, kuma 5 na NGK ya yi daidai da 16 na Denso, 6 ya yi daidai da 20. Bosch kuwa a juye yake ƙirga nasa.

Gargaɗi: fulogin da tiredinsa ya fi tsawo yana iya taɓa fistin. Wanda ya fi gajarta yana ɓoye tartsatsin a cikin rami, sannan ya bar dauɗa ta cike sauran tiredin kan injin. Wanda ya fi riƙe zafi kuma yana iya kunna mai kafin lokaci har ya huda fistin.

Mataki na 3: Zaɓi wurin saye, ka auna farashi

A Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, kaya iri huɗu za ka tarar. Akwai sabo na ainihi, ko a kwalin kamfanin mota ko a kwalin kamfanin da ya ƙera shi. Akwai sabo mai araha da ke ɗauke da sunansa na kansa. Akwai ɗan Beljiyam da aka ciro daga injin da aka shigo da shi. Sai kuma jabu, wato mai araha da aka buga wa sunan NGK, Denso, Bosch ko Toyota.

Na biyun da na huɗun ba ɗaya ba ne. Wanda ya sa sunansa a jikin kayansa yana da abin karewa, kuma kai ma ka san abin da ka saya. A ganina, fulogi na gama-gari mai bakin nikel na ainihi ya fi jabun iridiyam, wato fulogi mai bakin ƙarfen iridiyam, nesa ba kusa ba, in dai injin ya yarda da shi. Za ka riƙa canza shi ne duk bayan kilomita 20,000 zuwa 30,000, alhali iridiyam mai dogon zango yana kai wa kilomita 100,000. In aljihu bai kai ba, gara ka sauka zuwa na gaskiya mai araha.

Farashi yana tafiya da dala, don haka ka tambayi shaguna uku a rana ɗaya, ka haɗa da dila ko babban wakili guda. Iridiyam na ainihi yana ninka kuɗin na nikel sau da yawa, saboda ƙarfen da ke bakinsa yana cikin mafiya tsada a duniya. In wani ya ba ka iridiyam guda huɗu a kuɗin da dila ke sayar da ɗaya, an gama magana, araha ba ta ado. Sai dai tsada ita ma ba ta wanke kaya, domin akwai masu sayar da jabu a farashin na ainihi don kada a zarge su.

Ka tambayi mai shago kai tsaye: "Alhaji, wannan kala nawa ne a wurinka?" 'Yan kasuwa da yawa masu tsoron Allah za su fito maka da biyu ko uku su faɗa maka matsayin kowanne. Sannan ka nemi rasit mai ɗauke da sunan shago, lambar kayan da kwanan wata, ku kuma yi magana a kan sharaɗin dawowa tun kafin ka biya. Wanda ya ƙi rubuta lambar kaya a rasit, ka gode masa ka ƙara gaba.

Gargaɗi: in za ka aiki yaron gareji, ka rubuta masa lambar da sunan shagon, ka ce ya kawo kayan a kwalinsu tare da rasit kafin a ɗaura.

Mataki na 4: Duba kwali, amma kada ka daɗe a kansa

Ka duba kaifin rubutu, kuskuren haruffa, launin da ya dushe, da manne da ya yi kaca-kaca. Lambar da ke kan kwali ta zama ita ce a jikin fulogin harafi da harafi. A kayan Toyota, lambar fulogi yawanci tana farawa da 90919-01, ta kwayil kuma yawanci da 90919-02.

Kada sunan ƙasa ya ruɗe ka. NGK na ƙera fulogi a Japan, amma yana da masana'antu a Tailan, Burazil da Amurka, haka ma Bosch yana yi a wajen Jamus. Rubuta Japan a kwali ba ya tabbatar da komai, rashin rubuta shi kuma ba laifi ba ne. In ka ga sunan Niterra a sabon kwalin NGK, daidai ne, kamfanin ya sauya suna a 2023 amma ya bar tambarin NGK a kan fulogi. Kwali mara kyau yana tona asirin jabu, kwali mai kyau kuwa izini ne kawai na ka buɗe ka ci gaba da dubawa.

Mataki na 5: Riƙe fulogin a hannu

Nan ne ainihin aikin yake, don haka ka fito da shi wurin haske, ka fito da duka huɗun, ka jera su. In kana da tsohon da ka tabbatar na asali ne, ka ajiye shi a gefe don kwatance.

Fara da farin tangaran. Na ainihi santsi ne, fari ƙal, ba ƙuraje ba tabo, rubutun da ke kansa kuma a miƙe yake, ba ya gogewa in ka murza da yatsa. Na jabu sau da yawa rubutunsa yana karkacewa ko kaurin haruffan ya bambanta daga fulogi zuwa fulogi.

Sauko kan ƙarfen. Wurin da sokit ke kamawa da kuma inda aka naɗe ƙarfe ya rungumi tangaran, a na ainihi sumul suke. In ka ga zane-zanen da injin sassaƙa ƙarfe ya bari, alama ce mara kyau. Nemi lambar rukunin ƙira da aka buga a jikin ƙarfen. Rashinta babban dalilin zargi ne, ko da yake samunta bai isa hujja ba, domin masu jabu sun fara kwaikwayonta. Shafa tiredin da farce: ya zama mai santsi, ba kaifi ba ɓurɓushi. Sai woshar da ke gindin tiredi. A fulogin kirki tana juyawa amma ba ta zarewa ta faɗo da kanta. In ka kifa fulogi wosha ta zame ta fita ba wahala, ajiye shi.

Yanzu bakin, wanda shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa. Kunna kyamarar wayarka ka jawo shi kusa. Tsinken tsakiya na fulogin nikel kaurinsa kamar milimita 2.5 ne, na iridiyam kuwa tsakanin 0.4 zuwa 0.7, siriri kamar bakin allura. Wannan ɗan tsinken wani ƙarfe ne daban da aka liƙa da walda mai amfani da haske, saboda haka za ka ga zoben walda mai tsafta a gindinsa, launinsa kuma ya ɗan bambanta da na ƙarfen da ke ƙasa. Masu jabu abin da suke yi shi ne su fere nikel ɗin har ya yi tsini, sai ka ga abu ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, ba mahaɗa, kuma yawanci ya fi kauri. A fulogai masu dogon zango irin SK20R11 da IZFR6K11 akwai kuma ɗan faifan filatinam a cikin ƙugiyar gefe, daidai saitin tsinken. In babu shi, ko aka ɗiga wani abu mai kama da fenti a wurin, ba shi ba ne. Ƙugiyar kanta ta zauna daidai a kan tsinken, ba ta karkata gefe ba, waldarta kuma ta zama mai tsafta.

Ƙarshe, auna tazarar dukansu. Masana'anta tana fitar da su a tazara ɗaya. In ɗaya ya nuna 0.9, wani 1.1, wani 1.3, ko dai jabu ne ko sun sha faɗuwa.

Gargaɗi: kada ka tura ma'auni da ƙarfi a bakin iridiyam, kada kuma ka bari a buga shi a ƙasa ko a kankare shi da burushin ƙarfe. Tsinken yana da tauri amma yana karyewa.

Mataki na 6: Sa mita

Juya mitar zuwa ma'aunin om, wato na auna yadda abu ke tare wuta, a kan 20k (kilo-om 20, om dubu ashirin). Ɗora tsinken mitar ɗaya a kan fulogi inda kwayil ke zama, ɗayan kuma ka taɓa tsinken tsakiya a hankali. Fulogi mai harafin R na NGK ko Denso yana nuna kusan kilo-om 5, da ɗan sama ko ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne huɗun su yi kusa da juna. In ɗaya ya nuna kusan sifili, babu abin rage hayaniyar a cikinsa duk da R da aka rubuta, kuma irinsa na iya rikita kwamfutar mota da rediyo. In mita ba ta motsa ba sam, a yanke yake a ciki. Sannan ka auna tsakanin kan fulogin da ƙarfen jikinsa: nan bai kamata mita ta nuna komai ba.

Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana wannan gwajin.

Mataki na 7: Kwayil

Kwayil ya fi wuyar ganewa, domin abin da ke bambanta mai kyau da mara kyau yana binne a ciki: yawan wayar tagulla, ingancin abin da aka zuba aka rufe ta, da ɗan na'urar da ke yanke wuta. Duk da haka akwai abin dubawa. Ɗaga sabon da tsohon, hannu ɗaya kowanne. In sabon ya fi sauƙi sosai, an rage tagulla. Duba abin da aka zuba a samansa ya daskare, ya zama shafe ba kumfa ba tsaga. Leƙa soket: fil-fil ɗin su miƙe, adadinsu ya yi daidai da na tsohon, kuma soket ɗin motar ya shiga ya kulle ba tare da an tilasta ba. Matsa robar ƙasa, ta yi laushi ta dawo, kuma sifirin ɗin da ke cikinta ya kasance yana nan.

Tsofaffin kwayil masu fil biyu ana iya auna su da mita: ɓangaren shigar wuta yawanci tsakanin om 0.4 zuwa 2, ɓangaren fita kuma kilo-om 6 zuwa 15, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Amma masu fil huɗu irin na Toyota akwai na'ura a cikinsu da ke hana mita faɗin gaskiya. Waɗannan sai a mota ake gwada su, kuma sai injin ya yi zafi, domin kwayil mara kyau yakan yi aiki lafiya da sanyin safiya ya fara yankewa a cunkoson rana ko a hawan tudu. Saboda haka ka nemi mai shago ya ba ka kwanakin gwaji.

A nan ɗan Beljiyam yana da gurbi. Kwayil na Denso da aka ciro daga injin da bai sha wuya ba sau da yawa ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Ka duba jikinsa da kyau: tsaga, kumburi, ko siririn layi baƙi ko fari a jikin robar, wanda ke nuna wuta tana tsallakewa ta nan. Ka kuma yi hattara da wanda aka wanke aka shafa masa mai yana ƙyalli. Fulogi kuwa ban ba ka shawarar sayen ɗan Beljiyam ba, domin woshar ta riga ta matse, kuma ba ka san tafiyar da ya yi ba.

Gargaɗi: in kwayil ya mutu, duba fulogin da ke ƙarƙashinsa. Bakin jabun fulogi yana cinyewa da wuri, tazara ta buɗe, kwayil ya riƙa ƙoƙarin tura wutar da ta fi ƙarfinsa har ya ƙone. Mutane da yawa suna ta sayen kwayil alhali fulogin ne ke kashe su. Masu motocin da aka mayar kan iskar gas su fi kowa kula da wannan, domin gas ya fi fetur buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya kama.

Mataki na 8: Wayoyi da distiributa

Ga tsofaffin motoci masu wayar fulogi, auna kowace waya da mita. Doguwa ta fi gajera yawan om, wannan daidai ne, amma tsofaffin littattafan Toyota sun sa iyaka a kilo-om 25 ga kowace waya. Lanƙwasa ta yayin aunawa, in lamba tana tsalle, a karye take a ciki. A murfin distiributa ka duba gawayin tsakiya yana motsi a kan sifirin ɗinsa, kuma babu tsaga. Ka canza wayoyi ɗaya bayan ɗaya don kada jerin ya rikice.

Mataki na 9: Ɗaurawa

Kaya masu kyau da yawa a nan ake kashe su, daga baya a ce jabu ne. Bari injin ya huce. Hure ƙura daga ramin kafin a cire tsohon. A fara ɗaura sabon da hannu har ya zauna, kafin a sa sifana. Fulogi mai tiredin milimita 14 a kan injin alminiyam yana son matsi kamar Nm 25 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin matsi a sifana mai auna matsi), mai milimita 12 kuma 15 zuwa 20. In babu sifana mai auna matsi, sabon fulogi mai milimita 14 ana ƙara masa rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku na juyi bayan woshar ta taɓa. Kada a shafa giris ko baƙin mai a tiredi, domin yana sa a wuce ƙima wajen matsewa. Fulogin da ya faɗi a siminti kuma a ajiye shi, ko da ido bai ga tsaga ba.

Mataki na 10: Bibiya bayan an ɗaura

A goge lambobin na'ura, ka tuƙa motar har ta yi zafi, ka taka totur a hawa, sannan a sake jona sikanin. Rubuta kilomitar da mota take a bayan rasit, ka adana kwalin. In fitilar injin ta fara ƙiftawa maimakon ta tsaya a kunne, rage gudu ka tsaya da wuri, domin ɗanyen mai ne ke zuba cikin katalis ɗin salansa yana ƙona shi, kuma kuɗinsa ya ninka na fulogi da kwayil gaba ɗaya.

Bayan kamar kilomita 5,000, ka sa a ciro fulogi ɗaya a auna. Iridiyam na ainihi a wannan tafiyar tazararsa tana nan yadda take, tsinin bakinsa bai canza ba. In ka tarar bakin ya dakushe ko tazarar ta buɗe, cire duka huɗun a ranar kafin su taɓa kwayil, ka kai wa mai shago tare da rasit da kwalin. In ya ƙi saurara, shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar suna sasanta irin wannan, kuma a Najeriya kana iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, ko hukumar SON mai kula da ingancin kaya.